Inda Maƙeri Ke Sa Adonsa

A Ingila, da zarar mai koyon ƙira ya iya fiƙe bakin ƙarfe, abin da za a koya masa na gaba shi ne murɗa shi. Za a miƙa masa sanda mai kusurwa huɗu wadda kaurinta bai wuce ɗan yatsa ba, a ce ya ƙera maratayin riga ko ƙarfen tona wuta, kuma kafin a tashi aiki ran nan sai ya murɗe wurin riƙon ya yi masa ado. A gida kuwa yaron maƙera yakan daɗe yana zuga kafin a bar shi ya ɗaga masaɓa. Yana iya girma a sana'ar, ya zama gwanin da ake takowa daga ƙauyuka ana nema, har ya tsufa ba wanda ya taɓa ce masa ya murɗa mariƙi don kyau. Wuta iri ɗaya ce, ƙarfen ma ɗaya ne, amma abin da aka sa a darasin farko a nan bai shiga lissafi ba a can. Tun da zama ya kawo ni wannan ƙasa nake bin maƙerunsu ina kallo, kuma na gamsu cewa wannan ɗan murɗi yana faɗin abubuwa da yawa game da matsayin maƙeri a ƙasashen biyu.

Aikin kansa ba ya cin lokaci, sai dai ƙa'idodinsa ba sa yafiya. Da farko dole ƙarfen ya kasance mai kusurwa. In ka murɗa mulmulallen rodi, ko sau goma ka juya shi ido ba zai ga komai ba, domin kusurwoyin ne ke zana layukan da suke nannaɗe sandar. Akan sa wurin da ake so a wuta har ya wuce ja ya koma ruwan lemo mai haske, wajen digiri 1,000 ke nan, sai a zaro shi da hanzari a danne gefe ɗaya a bais, irin matsin nan mai baki biyu da ake gani a teburin makanikai. Ɗaya gefen a kama shi da sifana mai hannu biyu a juya. Dalilin hannu biyun shi ne, mai hannu ɗaya tana jan sandar gefe, aikin ya fito a karkace. Yana juyawa, baƙin ɓawon da wuta ta yi wa ƙarfen yana farfashewa yana zuba ƙasa, ƙarfen na bin hannunsa kamar wankin da ake matsewa.

Inda gwaninta take shi ne wurin zafi. Ɓangaren da ya fi zafi shi ya fi saurin murɗuwa, saboda haka in wuta ba ta ci sandar daidai ba, tsakiya za ta matse, gefuna su saki. Na tsaya kusa da wani dattijon maƙeri a yammacin ƙasar ina kallon yadda yake maganin wannan. Gwangwanin ruwa ne a hannunsa na hagu. Duk inda murɗin ya kai yadda yake so sai ya ɗiga masa ruwa, wurin ya yi duhu ya tsaya cak, sauran ya ci gaba da juyawa. Bakinsa na motsi yana ƙirga juyin, kwata, rabi, ɗaya, don fuskar sama da ta ƙasa su dawo kan layi guda in ya gama. Da sandar ta ɗan lanƙwashe bai kai ta kan uwar maƙera ba. Kututturen itace ya ɗora ta, ya miƙar da ita da gudumar katako, don gudumar ƙarfe za ta daddanne kusurwoyin ta kashe adon. Daga nan ya goge ta da buroshin waya, ya shafa mata kakin zuma tun tana da ɗumi, hayaƙi ya tashi, ta yi baƙi mai sheƙi.

Wannan shi ne mafi sauƙi. Akwai wanda ake juya rabinsa dama rabinsa hagu, layukan su haɗu a tsakiya. Akwai wanda ake fara tsaga layi da kurfi a tsakiyar kowace fuska kafin a murɗa, ya fito da siffar tufkakkiyar igiya. Akwai na abarba, wanda ya fi wahala: a tsaga layukan, a murɗa, a sake buge sandar ta koma kusurwa huɗu, a sake tsagawa, sannan a warware wani ɓangare na murɗin, sai jikin ƙarfen ya tashi da ƙananan tsinaye a jere. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne na kwando. Siraran sanduna huɗu ko fiye ake haɗawa, a narkar da bakunansu a wuta a buge su zama ɗaya, a murɗe su tamau, sannan a juya baya ana ɗan buga kan. Sandunan sai su buɗe su bar sarari a tsakiya, iska na ratsawa.

Wanda ya ga haka zai iya cewa wasa ne na mutanen da suka ƙoshi. Ban yarda ba, domin murɗin yana da aikin yi. Ingila ƙasa ce mai sanyi, tsofaffin gidajenta kuma kusan kowanne yana da murhu a jikin bangon ɗaki inda ake ƙona itace ko kwal. A gefen murhun akwai ƙarfen tona wuta, da awartaki, da ɗan shebur na kwashe toka. Kayan da kullum suke cikin wuta ba sa son ƙotar itace, don haka tun daga baki har mariƙi ƙarfe ne. Sumul ɗin ƙarfe kuwa yana zamewa a hannu, murɗaɗɗe yana kama tafi. Mariƙin kwando ya fi haka: da yake siraran sanduna ne da iska a tsakaninsu, zafi yana saurin fita, kuma hannu yana samun abin riƙo mai kauri ba tare da nauyi ba. Buƙata ce ta fara kawo shi, kyau ya biyo baya.

Mu kuwa murhunmu duwatsu uku ne a tsakar gida, kuma itacen da ke ci shi ake turawa da hannu. Sanyin hunturu ma da ɗan kaskon wuta ake maganinsa. Ba mu gina rayuwar ɗaki a kewayen wuta ba, saboda haka ba mu buƙaci waɗannan kaya ba. Amma akwai dalilin da ya fi wannan zurfi, shi ne yadda muka raba aiki. A ƙasar Hausa mariƙi ba hurumin maƙeri ba ne. Shi nasa ruwan ne: ruwan fartanya, ruwan garma, ruwan gatari, ruwan wuƙa. Ƙota ta masassaƙi ce. Kube na baduku ne, kuma duk wanda ya taɓa riƙe takobin hawan salla ya san inda aka zuba ado, a jan fata da koren fata da tuntaye. Linzami da likkafa da ƙaimi daga maƙera suke fitowa, amma kwalliyar doki sai an bi ta hannun dukawa da masu ɗinki da maƙeran fari. Kayan aiki guda kan ratsa hannu uku kafin ya kai ga mai shi. Ƙarfe ɗaya ba ya amo, in ji masu iya magana, kuma haka sana'o'inmu suke tafe, kowa da gonarsa. Baturen maƙeri shi kaɗai yake fara abu ya gama shi, don haka wurin da hannu zai riƙe ma nasa ne, a nan yake nuna kansa.

Ba wai ba mu san murɗi ba. Duba munduwa da zobe da awarwaro na maƙeran fari, za ka ga azurfa da tagulla da farin ƙarfe a murɗe, wani lokaci waya biyu ko uku a tufke. Manyan 'yan kunnen zinariya na matan Fulanin Mali ma haka ake yin su, a buge sanda ta yi fukafukai sannan a murɗa. Hannunmu ya san dabarar. Abin da muka yi shi ne mun ware ta ga jikin mutum, muka bar baƙin ƙarfe ga gona da yaƙi da farauta.

Har zaman maƙerin ma ya bambanta, kuma yana da hannu a maganar. Namu a ƙasa yake zaune, uwar maƙera a kafe gabansa, wuta a gefe, yaro na bayanta da zuga-zugin fatar akuya ko kuma, a yanzu, fankar da aka haɗa da wilin keke. Komai yana inda hannu zai kai ba sai an tashi ba. Wannan zama ya dace da bugu da yanka da fiƙewa da lanƙwasa. Murɗa sanda mai kauri kuwa yana son abin da zai danne ta ba motsi, da mutum a tsaye yana sa nauyin jikinsa. Maƙerin Ingila a tsaye yake yini. Uwar maƙerarsa mai ƙaho tana kan kututture daidai tsayin dunƙulen hannunsa, bais ɗinsa kuma yana da doguwar ƙafa har ƙasa don ya sha bugu. Sannan shi sandar mai kusurwa huɗu sayenta yake a shirye daga kamfani, kowace da awonta. Namu kuwa, tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ƙarfen waje ya yawaita aka yi ta barin narka tama, da abin da ya samu yake aiki: sifirin mota, tsohon faranti, guntun rodi. Kafin ya murɗa sai ya fara ɓata gawayin ƙirya wajen mayar da shi kusurwa huɗu, kuma ba mai biyansa kuɗin wannan gawayi.

Ai kowa ya san yadda ciniki yake a bakin maƙera in damina ta ƙarato. Manomi zai zo da garma a kafaɗa, wanda bai tuna da ita ba duk rani, ga hadari ya fara haɗuwa.

"Sannu da aiki, Baba. Garmar nan ta daina ci."

"Yawwa, sannu. Sai yau? Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ajiye ta nan, ka dawo bayan la'asar."

In ya dawo zai ɗaga ta ya ji nauyinta, ya ƙwanƙwasa ruwan ya saurari amonsa, ya gwada kaifin da babban yatsa. Abin da yake nema ke nan, a kansa kuma zai yi ta neman ragi. Wannan ma ido ne na sanin kyau, kada a raina shi. Lanƙwasar lauje mai kyau, da yadda ruwan garma yake da kauri a tsakiya ya siranta zuwa baki, da yadda gatari yake zama a ƙota ba ya girgiɗi, duk abubuwa ne da gwani kaɗai ke iyawa. Kyan ƙirarmu yana cikin siffar abin da cinsa, ba a ɗora masa daga baya.

Tarihin Ingila ne ya sa na fahimci sauran. Murɗa ƙarfe tsohon abu ne a wannan tsibiri. Takobin da aka tono a Sutton Hoo a 1939, wanda yake gidan tarihi na Birtaniya a Landan, na farkon ƙarni na 7 ne, kuma an yi ruwansa da sandunan da aka murɗa aka haɗe a wuta har zane ya fito a jikinsa. Masu binciken kayan tarihi kuma sun samu shaidar cewa a wajen wannan ƙarni ana narka tama a Dutsen Dala. Ƙirar ado ta kai ƙololuwarta a Ingila bayan zuwan wani Bafaranshe mai suna Jean Tijou wajen 1689. Shi ya yi shingayen ƙarfe na fadar Hampton Court da ƙofofin cikin majami'ar St Paul, ya kuma buga littafin zane-zanensa a 1693, maƙeran ƙasar suka yi ta koyi da shi. Amma a wannan zamanin ma yawancin maƙera irin namu ne, na ƙauye, masu gyaran garma da yi wa doki takalmi.

Masana'antu ne suka cinye su. A 1709 Abraham Darby ya fara narka tama da gasasshen kwal a Coalbrookdale, ƙarfen zubi ya yi arha, daga baya shinge da ƙofa da murhu duk aka koma zuba su a ma'auni ɗaya dubu-dubu. Kamfanoni suka karɓe ƙusa da sarƙa da kayan gona. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta sa aka yanke shingayen ƙarfe na gidaje da lambuna don aikin yaƙi, kuma har yau in kana tafiya a tsofaffin unguwanni za ka ga guntayen gindinsu a jere kan gajerun katangu. Bayan yaƙin tarakta ta kori doki daga gona, maƙerun ƙauye suka rufe, wasu suka koma garejin mota. Yi wa doki takalmi ma ya zama sana'a dabam, wadda dokar 1975 ta ce sai mai rajista zai yi.

Saura ƙiris sana'ar ta mutu. Waɗanda suka tashe ta sun san ba za su iya gasa da inji a arha ba, sai suka koma ga abin da inji ba ya bayarwa, wato alamar hannu. A 1973 maƙeran Amurka suka kafa ƙungiyarsu ta masu ƙirar fasaha, na Birtaniya suka kafa tasu a 1978. Yau a Hereford ana karatun ƙira har matakin digiri, maza da mata, kuma yawancinsu ba su gaji ko ƙusa ba. Akwai kuma masu biyan kuɗi su yini ɗaya a maƙera don sha'awa, su koma gida da ƙarfen tona wutar da suka murɗa da kansu. A wurinmu ƙira gado ce, da Sarkin Maƙera, da kiɗan dundufa, da wasan wuta, da sirrin maganin ƙuna da ba a ba bare. Unguwanni irin Maƙera Assada a Sakkwato sunan sana'ar suke ɗauke da shi. A nan kuwa ƙofa a buɗe take ga duk mai kuɗin makaranta, kuma maƙeri ba ya ɓoye dabara, har alfahari yake ya nuna ta a taro. Wannan buɗewa ta burge ni, ko da yake na lura abin da suka samu a yawan ɗalibai sun rasa shi a wani wuri: yaron da ya tashi yana zuga tun yana shekara bakwai yana karanta launin wuta ba tare da ya yi tunani ba, abin da ɗalibi ba ya samu a wata uku.

To, a nan ne hankalina yake komawa gida da damuwa. Maƙerin Ingila yana yin ado ne saboda an ƙwace masa aikin dole. Namu bai damu da ado ba saboda har yanzu ƙasa na buƙatarsa, miliyoyin manoma da fartanyarsa suke ci. A wannan fuska namu ya fi nasu daraja, ko da bai fi shi kuɗi ba. Sai dai abin da ya faru da su yana tafe. Maganin feshi ya rage noman hannu, adda da shebur na kamfani sun cika kasuwa, roba ta maye gurbin abubuwa da yawa. Kuma kasuwar adon ƙarfe da ta buɗe a biranenmu ba ta zo hannun maƙeri ba. Zaga sababbin unguwannin Kano ko Kaduna ko Abuja ka dubi ƙyamaren gidaje da ƙarafan taga da na matakala, za ka ga murɗaɗɗun sanduna da ƙananan kwanduna birjik. Masu walda ne suke liƙa su, kuma inji ne ya murɗa su a sanyi, kowanne sak ɗan'uwansa. Ba na ganin laifin mai walda, sana'arsa yake yi kuma yana ciyar da gida. Abin da ke ci mini rai shi ne, mai gidan ya biya maƙudan kuɗi don kwaikwayon aikin maƙera, alhali maƙeri na gaskiya yana bayan layinsa zaune a rumfa yana jiran damina.

Ba ina cewa maƙeranmu su koma ƙera kayan murhun Turawa ba, wa zai saya? Abubuwan da muke riƙewa da hannu kusa da wuta ko a bakin ƙofa suna da yawa: mariƙin ƙyaure da sakata, hannun kaskon turaren wuta, murhun gawayi na mai shayi, awartakin ɗaukar garwashi, dogon ƙarfen da mai tsire da mai balangu suke juya wuta da shi. Waɗannan duk ƙarfe ne har wurin riƙo, kuma sau da yawa za ka ga an naɗe mariƙin da tsumma ko robar taya saboda zafi. Matsalar da mariƙin kwando ya warware ke nan tun tuni. Haɗa bakin sanduna a wuta kuwa ba baƙon abu ba ne ga jikokin mutanen da suke tara gutsattsarin tama su buge su zama dunƙule ɗaya. Abin da ya rage bais ne guda da sifana, da sanda mai kusurwa huɗu, wadda ake samu a kasuwannin ƙarfe irin Ƙofar Ruwa, da kuma watannin rani da aikin gona yake kwance.

Akwai wata al'ada ta maƙeran Ingila da nake ganin ta fi murɗin kansa amfani a gare mu. Maƙerin nan in ya gama aiki yakan ɗauko ɗan ƙarfen tambarinsa ya buga a jikin abin tun yana ja, harafin sunansa ko wata alama da aka san shi da ita. Mai saye yana juya mariƙin ya nemi tambarin kafin ya tambayi kuɗi, kuma saboda shi yake yarda ya biya ninkin abin da zai biya a kanti. A ƙauye ba a buƙatar haka, kowa ya san garmar wane da ganin ruwanta. Amma da zarar kaya sun bar ƙauye sun shiga hannun dillali a birni, sunan mai su ya ɓace, sai a haɗa na gwani da na ɗan koyo a tari ɗaya a yi musu kuɗi ɗaya. Tambarin nan maƙeri da kansa zai ƙera shi da guntun sifiri a yini guda, kuma bugu ɗaya yake ci a kan kowane aiki.